Ji-ta-ji-ta Jiya da Yau: Daga Bakin Kasuwa Zuwa Wayar Hannu

Gabatarwa

Kalmar ji-ta-ji-ta da kanta ta bayyana ma'anarta, wato maganar da wannan ya ji daga wancan, wancan kuma ya ji daga wani, har a rasa wanda ya fara faɗinta. A wannan maƙala za a bi sawun yadda labari ke tafiya a ƙasar Hausa tun zamanin fatake har zuwa zamanin intanet, a kuma dubi abin da ya auku a ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi. Manufa ita ce a nuna cewa ƙarya tsohuwa ce, abin da ya sake shi ne labari ya rabu da mai shi.

Labari da Mai Shi

A da, labarin hukuma yana da hanyarsa sananniya. Daga fadar Sarkin Katsina yakan sauko wa hakimi, kamar 'Yanɗakan Katsina a Dutsin-Ma ko Maraɗin Katsina a Kurfi, daga nan zuwa ga dagaci da mai unguwa, sa'an nan mai shela ya zaga gari da shi. Sauran labarai kuwa fatake da 'yan koli da masu cin kasuwa ke kawo su. Ko da yake ana samun ƙari da ragi, kowane labari yana da fuskar da ta kawo shi. In mutum ya ce an ce, sai a tambaye shi, "In ji wa?" Wanda aka kama da ƙarya sau biyu kuwa, maganarsa ta zube ke nan a garin. Malamai ma haka suka gada daga ilmin hadisi, ba sa karɓar ruwaya sai sun duba isnadinta, wato jerin mutanen da ta biyo ta bakinsu.

Da Turawa suka zo, su ma sun ɗanɗana kaifin ji-ta-ji-ta. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu magana ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya zama editanta. Daga baya rediyo ya biyo, Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Jarida da rediyo suna iya kuskure, suna iya son kai, amma dai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in sun yi.

Zuwan Wayar Hannu

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, bayanta Facebook da WhatsApp suka biyo. Tun daga nan kowa ya zama mai shela, ba tare da an naɗa shi ba. Saƙo yakan iso ta hannun ƙane ko aboki, sai a karɓe shi saboda amincin wanda ya turo, alhali shi ma turo masa aka yi. Saƙon murya kuma ya kai labari har ga wanda bai iya karatu ba.

A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas daga Laberiya, saƙo ya zaga ƙasar cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Hukumomin lafiya sun ƙaryata, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: aƙalla mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu a asibiti. Ebola ba ta taka ƙasar Hausa ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, gishirin ne ya iso. Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, to wannan karon ta yi.

Wani karin maganar da ya girgiza shi ne "gani ya kori ji". A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Gashish a Jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun cika Facebook. Harin gaskiya ne an kai shi, amma binciken BBC ya nuna cewa wani bidiyo da aka yi ta yaɗawa daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Washegari aka tare hanya aka kashe mutum 11. Binciken ya ƙara da cewa a lokacin mutum 4 kacal ke aikin tantance labaran Facebook a Nijeriya, babu mai jin Hausa a cikinsu. A nan za a lura cewa ƙaryar da ta fi haɗari ita ce wadda ta hau bayan gaskiya.

Dutsin-Ma da Kurfi a 2021

Garuruwan nan biyu suna kan hanyar da ta taso daga Katsina ta nufi Ƙanƙara, suna kuma maƙwabtaka da Safana da Batsari da ke bakin dajin Rugu. Inda ake fama da 'yan bindiga, labari ba abin hira ba ne, da shi manomi ke yanke shawarar fita gona ko zama gida. Saƙon murya guda da ke cewa "ga su nan" yana iya watsa kasuwa. In ya zama ƙarya an yi hasarar yini, in kuwa aka saba da irinsa, ranar da na gaskiya ya zo ba mai motsawa.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu, ba a kammala mayar da su ba sai cikin Disamba. A watannin nan jama'a sun koma ga rediyo da bakin direbobi da matafiya. Ɗan Kurfi da ke zaune a Kano, in ya ji an ce an kai hari, ba shi da halin ya kira gida ya tabbatar. Wato wayar da ke ɗauko ƙarya ita ce dai ake bin diddiginta da ita, don haka kashe ta bai zama magani ba.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, maganin yana cikin al'adarmu tun fil azal. Kafin mutum ya tura saƙo gaba, sai ya yi tambayar magabata: in ji wa, yaushe, kuma a ina? Hoton da ba a san ranar ɗaukarsa ba, da muryar da ba ta faɗi sunanta ba, hukuncinsu ɗaya da ruwayar da ba ta da isnadi. Ya kamata makarantunmu, tun daga na allo har Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, su mayar da wannan tambaya darasi, domin wanda ya tura labari ya zama ɗaya daga cikin maruwaitansa, kuma alhakin abin da ya haifar yana wuyansa.