Madatsar Tiga da matsalar kayan gyaran tsofaffin na'urori

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda ke ƙaramar hukumar Bebeji a kudancin jihar Kano, ta haura shekaru hamsin da ginawa. An soma aikinta a 1971, aka kammala a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo.

Bangon madatsar ya kai tsawon kilomita 6, tsayinsa kuma mita 48. Yana tare Kogin Kano ne, wanda ke gangarowa daga kudu ya ratsa dajin Falgore da yankunan Doguwa da Tudun Wada.

Daga nan ake sakin ruwan da ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara noma hekta 22,000 a kashin farko na shirin. Ruwan da aka saki a kogi shi ne ke isa matatar Tamburawa da ke bai wa birnin Kano ruwan sha, ya kuma wuce zuwa fadamun Haɗeja da Nguru.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda: a iya buɗe ƙofofin ruwa a lokacin da ake so, a kuma rufe su a lokacin da ake so.

Bango da na'ura ba tsaran juna ba ne

Bangon madatsa yana iya yin shekaru ɗari idan ana kula da shi. Na'urorin da ke sarrafa ƙofofi da bawul-bawul da injinan lantarki kuwa ba sa yin wannan tsawon rai, musamman na zamani masu aiki da kwamfuta. Akasari cikin shekaru 15 zuwa 25 kamfanin da ya ƙera su yake daina yinsu.

Wani abin mamaki shi ne, na'urorin da suka fi tsufa sun fi sauƙin gyara. Kayan da ake sa wa madatsu a shekarun 1970 ƙarfe ne da waya: giya, da sarƙa, da injin mai juyawa, da makunnai masu aiki da maganaɗisu. Idan haƙorin giya ya karye, mai injin sassaƙar ƙarfe a Kano yana iya fitar da wani. Idan waya ta ƙone, akwai masu naɗa sabuwa. Idan kuma komai ya ƙi, yawancin irin waɗannan ƙofofi suna da abin murɗawa da hannu.

Al'amarin ya sauya ne da zuwan ƙaramar kwamfutar masana'antu da ake kira PLC. An ƙirƙiro ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin masana'antar motoci ta General Motors, kuma a yau ita ce ƙwaƙwalwar kusan kowace tashar lantarki da matatar ruwa da masaƙa. Ita ke karɓar bayani daga ma'aunai, ta yanke shawara, sannan ta umarci injin ya tashi ko ya tsaya.

Babu maƙerin da zai iya ƙera allonta. Idan allo guda ya mutu, ko dai a samo irinsa sak, ko kuma a sauya tsarin baki ɗaya.

Wannan batu ya shafi Tiga kai tsaye, domin an ƙara mata sabbin kaya a 'yan shekarun nan. Akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da gwamnatin Kano ta soma ginawa a zangon mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso. Akwai kuma gyare-gyaren da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince wa bashin dala miliyan 495 a 2014. Duk na'urar da aka girka a waɗannan shekaru, agogon tsufanta ya riga ya soma bugawa.

Yadda kamfanoni ke janye hannu

Manyan kamfanoni ba sa daina ƙera na'ura dare ɗaya. Sukan ba da sanarwa tukuna, su buɗe damar sayen ƙarshe, sannan su ci gaba da sayar da kayan gyara na wasu shekaru kafin su rufe ƙofa.

Kamfanin Siemens na Jamus ya fito da samfurin SIMATIC S5 a 1979, kuma ya rufe babinsa kwata-kwata a 2020. Kamfanin Rockwell na Amurka ya daina ƙera samfurin PLC-5 a 2017.

Wanda yake bibiyar irin wannan sanarwa yakan sayi abin da zai ishe shi ya ajiye. Wanda kuma bai ma san sunan samfurin da ke cikin akwatinsa ba, sai ranar da na'urar ta tsaya yake jin labari. A ma'aikatun gwamnati, inda ake sauya wa injiniyoyi wurin aiki kuma takardu ke ɓacewa, na biyun ne ya fi yawan faruwa.

Kasuwar na hannu

Bayan kamfani ya janye, sai a koma ga dillalan tsofaffin kaya. Akwai kamfanoni irin su Radwell a Amurka da EU Automation a Ingila waɗanda sana'arsu ke nan: su sayi kayan masana'antun da aka rufe, su gwada, su gyara, su sayar da garanti. Akwai kuma kasuwannin intanet irin su eBay, inda saye ya fi kama da caca.

Ba ƙasashe matalauta kaɗai ke shiga wannan kasuwa ba. A 2002 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana farautar tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta samfurin Intel 8086 a intanet domin na'urorin gwajin kumbonta. Rundunar sojin saman Amurka ma sai a 2019 ta daina amfani da manyan faya-fayan fulofi a tsarin aika umarni ga dakarunta na nukiliya.

Babban haɗarin shi ne jabu. Ana cire ƙwayoyi daga sharar kayan lantarki, a kankare lambarsu, a buga sabuwa. Wani rahoton kwamitin majalisar dattawan Amurka na 2012 ya gano kusan lamurra 1,800 da suka shafi kaya fiye da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne a kayan sojin ƙasar. Idan haka ta faru da ma'aikatar tsaron Amurka, injiniyan da ke saye daga Kano ta hoton waya sai ya yi hattara.

Ko kayan na gaskiya ne, ajiya tana cin su. Allon da ya yi shekaru ashirin a kwali yana iya fitowa da wasu sassansa sun bushe, don haka "sabo a leda" ba hujja ba ce sai an gwada.

Sai batun kuɗi. Da dala ko yuro ake sayen waɗannan kaya. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ga kuma ƙa'idojin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, waɗanda aka gina kan talla da gasar 'yan kwangila. Tsari ne mai kyau wajen hana almundahana, sai dai alkamar da aka shuka a Nuwamba ba ta jiran kwamitin tantance kwangila.

Abin da ba a saye a kasuwa

Injiniyoyi sun fi jin tsoron asarar manhaja fiye da asarar allo. Umarnin da ke cikin kowace PLC an rubuta shi ne musamman domin wurin da aka girka ta: wace ƙofa za ta fara buɗewa, a wane mataki na ruwa injin zai tsaya, me zai faru idan wuta ta ɗauke.

A tsofaffin samfura, wani ɗan ƙaramin batir ne ke riƙe da wannan umarni. Idan ya mutu a daidai lokacin da babu wuta, komai na iya gogewa. Sabon allo kuma fanko yake zuwa.

Ko da akwai kwafi, sai an sami tsohuwar kwamfuta da igiyar da ta dace kafin a ɗora shi, domin manhajar rubuta umarnin wasu samfuran ba ta aiki yadda ya kamata a kwamfutocin yau. Wani lokaci ma ɗan kwangilar da ya yi aikin ya kulle shi da kalmar sirri, ya kuma koma ƙasarsa.

Shi ya sa masana ke cewa a lokacin rubuta kwangila ake magance matsalar, ta hanyar sharɗanta miƙa kwafin manhaja da zanen wayoyi da kalmomin sirri, da tanadin kayan gyara, da horar da ma'aikatan da za su zauna a wurin. Hanyar murɗawa da hannu ma bai kamata a cire ta ba don kawai an kawo kwamfuta.

Mutanen wannan yanki sun san ƙarfin ruwa idan ya ƙwace. Madatsar Bagauda, ita ma a Bebeji, ta ɓalle a watan Agustan 1988 bayan mamakon ruwan sama. A Satumban 2024 ɓallewar madatsar Alau ta mamaye sassan Maiduguri. A watan ne kuma Bankin Duniya ya amince da wani sabon shiri na dala miliyan 500 mai suna SPIN, wanda ya haɗa da inganta tsaron madatsun ruwa a Najeriya.

A nasa ɓangaren, Siemens ya sanar a watan Oktoban 2023 cewa ya soma janye samfurin S7-300, wanda ya gaji S5 kuma ya bazu a masana'antun duniya tun tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin ya ce zai ci gaba da samar da kayan gyaransa har zuwa 2033.