Cutar Sikila

Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, cuta ce ta gado da ke shafar jajayen ƙwayoyin jini. Tushenta ɗan sauyi ne guda ɗaya tak a ƙwayar gadon da ke tsara himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin cikin jini. Idan oksijin ya yi ƙaranci, sinadarin kan harhaɗe ya sandare, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi kan toshe ƙananan hanyoyin jini, su haddasa matsanancin ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyu kan kai kwana 120, shi ya sa mai cutar ke fama da ƙarancin jini.

Likita James Herrick na Amurka ne ya fara bayyana ta a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa aibin yana cikin himoglobin. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu rukunin AS, wato waɗanda suka gaji wannan sauyi daga ɗaya cikin iyayensu kaɗai, sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar.