Daga Kafireto Zuwa Birenbos a Hanyar Kona

Kafin Agustan 1991, lokacin da aka ƙirƙiri jihar Taraba aka mai da Jalingo babban birninta, motocin da ke bin hanyar Kona zuwa Lau ba su da yawa. Galibi Peugeot ne, akori-kura 404 ko 504 wadda ake harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975. Kanikancin wancan zamani aikin kunne ne da ido da hanci. Kawuna yana da rumfa a gindin mangwaro, a nan na ga yadda ake yi. Sai ya kwance kafireto ya wanke shi da fetur a gwangwanin madara, ya busa ƙananan kafofinsa da baki, ya mayar. Sannan ya sassauta dalko yana juya shi a hankali, kansa a karkace, har ƙarar injin ta kwanta. In ya zare fulogi ya ga bakinsa baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In fari fat ne, injin na jin yunwa. Launin jar ƙasa yake nema.

Abu biyu ke nan yake saitawa: yawan man da zai shiga, da lokacin da wuta za ta kama shi. Waɗannan biyun su ne kwamfuta ta ƙwace daga hannun bakanike. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa lantarki ya auna mai a Volkswagen tun 1967, a 1979 kuma ya haɗa mai da wuta a akwati ɗaya cikin BMW. Mu ba mu ji a jikinmu ba sai bayan 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin hannu 'yan Kwatano suka cika tituna. Da su injekta ta shigo, da akwatin nan da kowa ke kira birenbos.

Abin da garejinmu suka fara yi shi ne tsige shi. Mota ta fara shaƙewa, sai a ce wa mai ita, "Alhaji, a mai da ta kafireto kawai ka huta." A cire nozul, a ɗora kafireton wata tsohuwar mota, a bar wayoyi suna reto. Wadda aka bar mata akwatinta kuma sai a zare mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Akwatin ya ɗauka injin bai ɗumama ba, ya yi ta zuba mai, direba yana kukan motarsa ta cika sha. Ba na ganin laifinsu. Babu na'urar gwaji, babu littafi, kayan gyara kuma sai an aika Anacha ko Legas. Mutum ya koma ga abin da hannunsa ya sani domin ya sallami mai mota kafin magariba.

Sauyi ya zo ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket iri ɗaya na gwaji, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. Da waɗannan motoci suka tsufa suka iso mana, sai rewaya, wanda a da aikinsa fitila da batir ne, ya zama shi ake jira a gareji. Na ga ranar da wani tsohon yaron kawu ya jona na'ura ya karanto ciwon da maigidansa ya kwana yana nema. Kawu ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya miƙa masa kujera.

Turbo ne ya rufe ƙofar komawa baya. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniyan Siwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905: hayaƙin salansa ya juya fanka, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska. Duk wanda ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu da kaya ya san amfaninta, domin can sama iska ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo sai ya yi ta haki. Amma matsin da ke ba da ƙarfi shi ne ke kisa. Mai ya gaza kaɗan, ko wuta ta riga lokacinta, fistin ya narke kafin kunne ya ji komai.

A ƙasashen da ake wasan tsere, masu neman ƙarin ƙarfi sun rabu gida biyu tun shekarun 1980. Wasu suna buɗe akwatin kamfani su sauya ɗan guntun da lissafi ke ciki. Yau ta soket ake sake rubuta shi. Wasu kuma suna cire akwatin ɗungurungum su sa na kamfanoni irin Haltech da MoTeC, waɗanda aka kafa a Ostireliya a 1986 da 1987. Na farko yana barin duk abin da kamfani ya ɓata shekaru yana gwadawa: tashin sanyin safiya, na'urar sanyaya ɗaki, makullin tsaro, fahimtar juna da giya. Na biyu yana ba ka iko a kan komai, amma kusan fanko yake zuwa. Sai an sake wayarin, an ɗora motar a kan na'urar auna ƙarfi, gwani ya cika lissafin gida-gida. Mai da mota kafireto da muka yi ɗan'uwan wannan hanya ne, sai dai mu mun cire ƙwaƙwalwa ba mu sa wata ba.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Motar da ake neman abinci da ita, Sharan ce ta haya ko Hilux mai dizal, a bar mata akwatinta. Ko sake rubutun ma ina tsoronsa, domin lissafin da yara ke saukewa daga intanet an tsara shi ne don fetur mai oktan 98 da sanyin Turai. Mu kuwa zafin Maris a Jalingo yana kai maki 40, man kuma wani lokaci na jarka ne daga 'yan bumburutu. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, da aka shigo da fetur mai yawan metanol ya lalata injuna. Rarar da kamfani ya bari, wadda mai sake rubutu ke cinyewa ya kira ta ƙarfi, ita ce ke kare injin a irin wannan rana. Sabon akwati na mai tsere ne, ko wanda ya dasa wa mota injin da ba nata ba.

Tun da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, ban ƙara jin direba yana tambayar gudu ba, lita nawa za ta kai shi Yola yake tambaya. Kayan mai da mota ta iskar gas da gwamnatin tarayya ke tallatawa suna zuwa da ƙaramin akwati nasu, wanda ke sauraron umarnin na kamfani ya juya shi zuwa ma'aunin gas. Motar da aka yayyanke wa wayoyi, sai an fara mai da mata su kafin ta karɓi wannan aiki.