Jitar Lantarki da Ƙasar Hausa: Ƙofar Legas da Ƙofar Agadas

Ƙasar Hausa ba baƙuwar tsirkiya ba ce. Tun kafin zuwan Turawa akwai garayar maharba da 'yan bori, akwai molo da gurmi da goge. Abin tambaya shi ne, me ya hana al'umma mai irin wannan gado karɓar jitar lantarki a zamanin da amonta ya game duniya, kuma ta wace ƙofa ce ta leƙo daga baya?

Asalin kiɗan da ake magana a kai shi ne bulus, watau waƙar baƙaƙen fata na kudancin Amurka, jikokin bayi. Da irin su Muddy Waters suka bar gonakin audugar Misisipi suka koma Shikago (shi ya koma ne a 1943), sai suka haɗa jita da lantarki domin a ji su cikin hayaniyar birni. Samarin Ingila suka ɗauka suka ƙara mata nauyi da ƙara. Ƙungiyar Cream ta kafu a 1966, shekarar da Jimi Hendrix ya isa Landan, sa'an nan Led Zeppelin da Black Sabbath suka biyo baya a 1968. Wasu masana sun ce tushen bulus yana nan yankinmu. Paul Oliver a 1970, da Gerhard Kubik a 1999, duk sun nuna kamanninsa da kiɗan tsirkiya na ƙasashen da ke tsakanin hamada da kurmi, har Kubik ya kwatanta shi da kiɗan wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru a 1964. Hasashe ne mai ƙarfi, amma kama da wane ba ta wane ba ce, don haka bai kamata a ɗauke shi tamkar hujja yankakkiya ba.

Ƙofa ta farko ita ce Legas. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyin samari suka yi ta tsirowa a kudu. Akwai Funkees daga gabas, akwai BLO da gwanin jitarsu Berkley Jones, akwai kuma Ofege, 'yan makarantar St Gregory, waɗanda faifansu na farko ya fito a 1973. A wannan shekara ce Ginger Baker, makaɗin gangar Cream, ya buɗe ɗakin ɗaukar faifai a Legas. Duk wannan guguwa ba ta ƙetare Kwara da wani ƙarfi ba. A arewa jita ta tsaya a otal-otal na Sabon Gari da hannun irin su Bala Miller na Kaduna. Saurayin Birnin Kudu ko na Gwaram a wancan lokaci, in aka tambaye shi gwanin tsirkiya, Ɗanmaraya Jos zai ambata da kuntiginsa, ko Garba Supa da kukumarsa, ko Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa.

Dalilin haka ba ƙarancin kunne ba ne. A wurin Bahaushe waƙa ce uwar tafiya, kiɗa ɗan rakiya ne. Ana sauraron Shata ne domin abin da zai faɗa, kalangu kuwa share masa fage yake yi. Kiɗan da mai jita zai shafe minti goma yana sa tsirkiya kuka ba tare da ya furta kalma ba, bai da mazauni a wannan tsari. Haka nan kuma makaɗi yana cin abinci ne daga ubangida, ko sarki ko attajiri ko masu biki, kuma babu ubangidan da zai yi kyauta saboda kiɗan da bai ambaci sunansa ba. Daɗin daɗawa, sana'ar tana da alaƙa da roƙo, ɗan makarantar da ke da halin sayen jita kuwa shi ne wanda iyayensa ba za su lamunta a kira shi maroƙi ba. Sa'ad da samarin Kano suka shiga kiɗan zamani gadan-gadan a shekarun 1990, fiyanon Yamaha da salon finafinan Indiya suka runguma.

Ƙofa ta biyu ta buɗe ne daga hamada, kuma wahala ce ta buɗe ta. Farin 1973 ya kashe dabbobin Abzinawa, ya watsa samarinsu zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. A cikinsu ne aka sami waɗanda suka kafa Tinariwen a Tamanrasat a 1979. A Nijar, Abdallah ag Oumbadougou ya zama jagaban wannan salo, kaset ɗinsa na yawo hannu da hannu a lokacin tawayen shekarun 1990. Su jita ba kayan otal ba ce a wurinsu, muryar gudun hijira ce. Bombino, wanda aka haifa kusa da Agadas a 1980, ya tsere zuwa Burkina Faso a tawayen 2007 bayan an kashe abokan kiɗansa biyu. A 2013 Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya shirya masa faifan Nomad a Amurka.

Inda labarin ya taɓa Hausa kai tsaye shi ne wajen Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, bahago kamar Hendrix, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya da gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Watau dai salon da ya tare wa jita hanya a Kano, shi ne ya goya mai jitar Abzin a fitowarsa ta fari. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya cikin wani tarin waƙoƙi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar. Daga nan Moctar ya koma ga jita mai nauyi a faifan Ilana na 2019 da Afrique Victime na 2021, har masu sharhi a Turai da Amurka suka jera shi da manyan gwanaye.

Ba Abzinawa kaɗai ba ne. A Yamai, ƙungiyar Tal National, wadda Almeida ya kafa yana kuma aikin shari'a, ta yi suna da jita mai zafin gudu da waƙoƙi cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan Nijar. A can ne, ba a Kano ko Zariya ba, aka fi jin kalmar Hausa tana hawa kan jitar lantarki a gidan biki.