Tsofaffin na'urorin wasan bidiyo: wace tele da wace waya suka dace da su

Mutane da dama da suka yi ƙuruciya da Sega Mega Drive, Super Nintendo ko PlayStation ta farko sukan sake sayen na'urar a wurin masu kayan gwanjo, su jona ta da sabuwar tele shafaffiya, sai hoto ya fito dishi-dishi, ko baƙi da fari, ko ma ya ƙi fitowa. Galibi na'urar lafiyarta lau. Matsalar tana ga tele ko ga wayar da ta haɗa su.

Dalilin da ya sa tsohuwar tele ta fi dacewa

Na'urorin da suka fito daga Atari 2600 ta 1977 har zuwa Nintendo 64 ta 1996 an ƙera su ne don tele mai ƙeya, wato mai kwalbar gilashi a ciki. Yawancin wasanninsu suna fitar da hoto mai layuka kimanin 240, abin da ake kira 240p. Tele mai ƙeya tana zana layukan nan take, da zarar sun iso. Ita kuwa shafaffiyar tele sai ta fara sarrafa hoton, ta faɗaɗa shi ya cika allonta, kuma da yawansu suna ɗaukar 240p a matsayin hoton gidan telebijin mai layuka 480. Sakamakon haka hoton yana dagulewa idan abu na motsi, sannan ana samun jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin aikin a allo. A wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin hoto huɗu ko biyar ya isa ɗan wasa ya faɗa rami a Super Mario ko ya sha duka a Street Fighter II.

Akwai kuma siffar allo. Tsofaffin wasanni na allo mai awon 4:3 ne, sabbin teloli kuwa 16:9 ne. Idan aka bar hoton ya cika allo, mutane sukan zama gajeru masu faɗi. Haka nan bindigar wasa irin ta Duck Hunt ko Time Crisis ba ta aiki da shafaffiyar tele, domin ta dogara ne da yadda tele mai ƙeya ke haska hoto.

Wayoyin hoto, daga mafi rauni zuwa mafi kyau

Wayar eriya ce ta ƙarshe a inganci. Tana cusa hoto da sauti a waya ɗaya, sai an nemo tasha kamar ta gidan telebijin. Atari 2600 da Famicom ta Japan ta 1983 ita kaɗai suke da ita.

Sai waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, wadda kowa ya sani. Rawayar ce ke ɗauke da hoto, sauran biyun sauti. Da yake haske da launi suna tafiya a hanya guda, gefen rubutu yakan yi rawa, launuka su shiga juna. A tele mai ƙeya ƙarama ba ta da laifi. A babbar shafaffiya aibinta yana fitowa fili.

S-Video, mai zagayayyen kai da allurai huɗu, tana raba haske da launi, don haka hoton ya fi tsabta. Super Nintendo da PlayStation suna fitar da ita, sai dai Mega Drive ba ta da ita.

RGB ce ta fi duka ga na'urorin shekarun 1990. Tana aika ja da kore da shuɗi kowanne a hanyarsa. Ana samunta ta kafar Péritel, babbar kafar nan mai allurai 21 da Faransa ta wajabta wa telolin da ake sayarwa a ƙasarta a 1980. Mega Drive, Super Nintendo, Saturn da PlayStation duk suna fitar da RGB. Nintendo 64 ba ta fitarwa sai an yi mata aiki a ciki.

Ga na'urorin da suka biyo baya, kamar PlayStation 2 ta 2000 da Wii ta 2006, akwai waya mai kai biyar: kore, shuɗi da ja na hoto, fari da ja na sauti. Ita ce mafi dacewa idan shafaffiyar tele tana da waɗannan kafofi. Dreamcast kuma tana iya shiga allon kwamfuta ta kafar VGA a mafi yawan wasanninta.

Hattara da Péritel

Ba kowace waya mai kan Péritel ke ɗauke da RGB ba. Ɗan ƙaramin kan da ake cusa wa waya rawaya da fari da ja, siffa kawai yake sauyawa, hoton yana nan yadda yake. Haka kuma a tele mai kafar Péritel biyu, sau da yawa ta farko ce kaɗai ke karɓar RGB. Sannan kowace na'ura da wayarta: ta Mega Drive ta farko ba ta shiga ta biyu. Japan ma tana da wata kafa mai kama da Péritel sak, amma tsarin allurai ya bambanta, kuma haɗa su na iya lalata kaya.

PAL, SECAM da NTSC

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, tunda kayan da ke shigowa kasuwanninmu daga wurare daban-daban suke. Amurka da Japan sun yi amfani da NTSC, mai layuka 525 da hoto 60 a daƙiƙa. Yawancin Turai da Najeriya sun yi amfani da PAL, mai layuka 625 da hoto 50. Faransa da Nijar kuwa sun yi amfani da SECAM, shi ma 625 da 50. Idan na'urar Amurka ta haɗu da telen da ba ta san NTSC ba, hoto zai fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Mafita ita ce tele mai karɓar tsari da yawa, wadda akan rubuta sunayen tsarin a jikinta ko a bayanta. RGB ta Péritel ma tana warware matsalar launi, muddin telen tana ɗaukar hoto 60.

A sani kuma cewa wasanni da yawa na Turai sun fi na Amurka da Japan nawa da kusan kashi 17 cikin 100, saboda bambancin 50 da 60. Sonic na 1991 sanannen misali ne: har kiɗansa ya fi jan jiki a na'urar Turai. Wannan ba lalacewa ba ce.

Idan shafaffiyar tele kaɗai ake da ita

Da farko a shiga saitin tele a zaɓi yanayin wasa, wanda ke rage jinkiri, a mayar da allo 4:3. Ƙananan akwatuna masu araha da ke mayar da waya rawaya ko Péritel zuwa HDMI suna fitar da hoto, amma yawancinsu suna ƙara jinkiri da dishi-dishi. Waɗanda aka ƙera musamman don wasa, irin su OSSC da RetroTINK, suna gane 240p, suna ninka layukan ba tare da wani jinkirin kirki ba, sai dai kuɗinsu na iya zarce na na'urar kanta. Mai PlayStation 2 ya duba saitin fitar hoto: idan ya zaɓi wanda bai dace da wayarsa ba, allo yakan yi kore ko ya yi duhu. Wasu sabbin teloli ma ba sa nuna wasannin PlayStation ta farko ta waya mai kai biyar.

Wutar lantarki da kula da kaya

Kuskuren da ya fi tsada a nan yake. Wutarmu 220 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Na'urar Japan ko Amurka da aka jona kai tsaye tana iya ƙonewa nan take, don haka a karanta rubutun da ke jikinta, a nemi taransifoma mai rage wuta. Kada a musanya akwatin wuta don kawai bakinsa ya shiga: na NES yana fitar da wata irin wuta da ke iya kashe Mega Drive ko Famicom. Inda wuta ke yawan hawa da sauka, na'urar daidaita wuta ta fi sabuwar waya muhimmanci.

Mai sayen tele mai ƙeya ya sa a kunna masa ita da na'urarsa kafin ya biya. Ya duba ko launi ya ɓaci a kusurwa, ko layuka sun karkace, ko hoton ya yi duhu. Inci 14 zuwa 21 ya wadatar a ɗaki. Sony Trinitron tana da suna, amma kowace mai lafiya da ke da kafar RGB za ta yi. A nisanta ta da manyan lasifika, domin maganaɗisunsu na ɓata launi, a rufe ta da ƙyalle lokacin ƙurar hunturu idan tana kashe. Kada wanda ba mai gyara ba ya buɗe bayanta: kwalbar tana riƙe wuta mai ƙarfin dubban volt ko bayan an cire ta daga bango.