Sandar Tasha da Fitilar Kan Jirgi

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanya ɗaya ce tal. Jirgin da ya taso daga Legas da wanda ya kwaso gyaɗa daga Kano kan ƙarfe ɗaya suke bi, ba inda za su kauce wa juna sai a tasha, inda layi ya rabu biyu. Duk dokar aikinmu, mu direbobi, daga nan ta samo tushe.

A zamaninmu, direba ba ya barin tasha sai da izini a hannunsa, izinin kuwa ƙarfe ne. Shugaban tasha zai buga wa takwaransa na gaba waya, in wancan ya amince, sai na'urar ofis ta saki sanda guda mai ɗauke da sunan tashoshin biyu. Muddin tana waje, na'urorin sun kulle, ba mai iya zaro wata. A jikin wani babban zobe ake maƙala ta, ma'aikaci ya tsaya a bakin layi ya ɗaga, ka zura hannu ka sure ta jirgi na tafe. Na sha ganin sabon yaro ya karɓa ya ajiye bai karanta sunan ba. Magabatanmu ba sa yafe wannan, kuma ina bayansu, domin sandar wata hanya a hannunka daidai take da babu.

Sigina kuma a lokacin hannu ne a kan dogon turke. In ya miƙe sambal, tsaya. In ya karkata, wuce. Da dare fitilar kananzir ce a bayan gilashi ja da kore, akwai wanda aikinsa ke nan, hawa tsani, goge gilashi, gyara lagwani. In ka tarar ta mutu, doka ta ce ka ɗauka ja ce.

A Ingila, inda aka kwaso tsarin, layi a cikin shinge yake, shi ya sa jiragensu na kwal ba su da babbar fitila, sai 'yan ƙanana masu nuna wa mai sigina irin jirgin da ke tafe. Mu nan ina shinge? Ga garken shanu, ga masu dawowa daga cin kasuwa. Dole aka ɗora babbar fitila a goshin kan jirgi, tururin tukunya na juya ɗan injin da ke ba ta wuta, har kawunan dizal suka fara shigowa a 1955.

Mutane na zaton da wannan fitilar muke tuƙi. Jirgin kaya mai nauyi, kafin birki ya tsayar da shi ya wuce inda haskensa ya kai. Amfaninta a hango ka daga nesa a tashi daga kan dogo. In an haɗu a tasha kuwa, mai jira ya rage tasa, kada ya kashe wa ɗan'uwansa ido.

Hunturu ya fi komai wuya, musamman a layin Kano zuwa Nguru. Hazo kan maido maka hasken a fuska, jar sigina ba ta bayyana sai ka kusa cim mata. Lokacin ne sanin hanya ke aiki: ka san bayan gada akwai kwana, bayan kwana sigina, ka rage gudu tun ba ka gan ta ba. In jirgi ya lalace a daji, mai gadinsa zai koma baya da fitilar hannu, ya ɗaura 'yan gwangwanayen albarushi a kan ƙarfe. In kai ne ke biye, ƙafar jirginka ta taka, ka ji tas a ƙarƙashinka, sai birki, ba tambaya.