BABI NA UKU: TARIHIN DOKAR AWOYIN TUƘI DA NA'URORIN LURA DA DIREBA A TALATAR MAFARA, BAKURA DA MARADUN

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda sana'ar tuƙin motar haya ta kafu a wannan yanki. A wannan babi kuwa za a duba dokar da ta ƙayyade yawan awoyin da direba zai yi a kan sitiyari, da kuma na'urorin da hukumomi suka ɓullo da su domin su tabbatar ana bin ta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dokar tana nan a rubuce, amma ba a taɓa samun wanda aka ɗora wa riƙe lissafin awoyin a tashoshin wannan yanki ba, kuma na'urar da ta iso daga baya gudun mota take aunawa, ba gajiyar direba ba.

3.1 Hanyar da Kayan da Take Ɗauka

Layin dogo da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba. Saboda haka duk audugar da gyaɗar da fatun da za su fita daga yammacin lardin, da duk gishiri da kananzir da yadin da za su shiga, sai dai a bi da su ta ƙasa. Da farko raƙuma da jakuna ke wannan aiki, daga baya motoci masu bodin katako suka karɓe shi. Hanyar ta tashi daga Gusau ta ratsa Bunguɗu da Maru da Mayanci ta shiga Talatar Mafara, sannan ta wuce Lambar Bakura da Tureta da Dange kafin ta kai Sakkwato. Kasancewar Mafara ta faɗo kusan tsakiyar tafiyar, sai ta zama zango, wato wurin da direba kan tsaya ya zuba wa mota ruwa, ya yi salla, ya ci abinci.

Ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wanda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi tsakanin 1974 da 1978, ya sake fasalin sufuri a yankin baki ɗaya. Filayen noman rani kimanin hekta 23,000 da aka tsara sun shafi ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, kuma abin da suke fitarwa, kamar shinkafa da tumatir da albasa da dankali, mota ce ke kai shi kasuwa. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin tumatir da dabbobi kaya ne da ba su jiran direba ya huta.

3.2 Asalin Dokar da Littafin Direba

Ƙayyade awoyin tuƙi ba a Nijeriya aka fara shi ba. Dokar hanya ta Ingila ta 1930 ta hana direban motar haya ya yi tuƙi fiye da awa biyar da rabi a jere, ko fiye da awa 11 a cikin kwana guda, kuma wata doka ta 1933 ta tilasta wa masu motocin kaya ajiye bayanin awoyin a rubuce. Amurka ma ta kafa nata ƙa'idojin a ƙarshen shekarun 1930, inda aka ba kowane direba littafi ya riƙa rubuta lokacin da ya tashi da lokacin da ya tsaya. Matsalar littafin a fili take: wanda ake son a tsare shi ne ke riƙe da alƙalami. An san direbobi da dama da kan riƙe littafi biyu, ɗaya na nuna wa jami'i, ɗaya na lissafi da mai mota.

Wannan ne ya sa ƙasashen Turai suka koma ga wata na'ura mai suna takogiraf. Na'urar tana ɗauke da wani faifan takarda mai shafen kakin zuma wanda yake juyawa sau ɗaya a cikin awa 24, wasu allurai kuma suna zana gudun motar da nisan da ta yi da lokacin da ta tsaya. Direbobin Ingila sun yi adawa da ita ƙwarai, har suka yi mata laƙabi da ɗan leƙen asirin da ke zaune cikin kan mota, amma daga ƙarshen 1981 ta zama dole a can. A shekarar 2006 Tarayyar Turai ta maye gurbin faifan da katin lantarki wanda kowane direba ke da nasa, ta kuma tsayar da awa 9 na tuƙi a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Amurka ta makara, domin sai ranar 18 ga Disamba, 2017 ne ta wajabta na'urar lantarki da ake haɗawa da injin mota ta riƙa rubuta awoyin da kanta. Ƙa'idarta ita ce awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10.

Akwai abu biyu a dokar Amurka da suka shafi wannan nazari. Na farko, an ɗauke wa motocin da injinsu ya girmi shekarar 2000 nauyin sa na'urar, saboda yawancin irin waɗannan injina ba su da ƙwaƙwalwar lantarkin da za a jona ta. Na biyu, masu dakon dabbobi sun kai kuka cewa ba za a iya tsayar da mota cike da shanu awa 10 a gefen hanya ba, aka kuwa yi musu sassauci. Idan aka kawo waɗannan togaciya guda biyu kasuwar Talata ta Mafara, to da wuya a sami babbar motar da ba ta faɗa cikin ɗayansu ba.

3.3 Abin da Dokar Nijeriya ta Ce

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a shekarar 1988 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ƙarƙashin doka mai lamba 45, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. An sake mata doka a 2007. Ƙa'idojin zirga-zirgar motoci na ƙasa na 2012 sun hana tuƙi fiye da awa biyar da rabi a jere, ko fiye da awa goma da rabi a cikin awa 24, sai dai in direba yana ƙarasa doguwar tafiya ne, to ana iya ƙara masa zuwa awa goma sha biyu da rabi. Har ila yau dole ya sami hutun awa takwas a jere. Duk wanda ya kwatanta wannan da dokar Ingila ta 1930 zai ga inda aka samo awa biyar da rabin. Bugu da ƙari, dokar ba direba kaɗai ta kama ba, har da wanda ya ɗauke shi aiki idan shi ya sa shi ko ya ƙyale shi ya wuce ƙa'ida.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Jami'in da ya tsayar da tirela a Lambar Bakura yana iya duba lasin, ya duba taya, ya duba abin kashe gobara, domin duk waɗannan ido na ganinsu. Amma ba shi da hanyar sanin ko direban ya kwana a Gusau ne ko kuwa tun jiya da la'asar yake tafe daga Kaduna. Abin da direba ya faɗa shi ke nan. A 2007 hukumar ta ɓullo da wani tsari na tantance kamfanonin sufuri masu motoci biyar zuwa sama, wanda ya buƙaci su naɗa jami'in kula da kiyaye haɗari su kuma riƙa ajiye bayanan direbobinsu. Tsarin ya dace da manyan kamfanoni. Amma a Mafara da Bakura da Maradun yawancin motocin haya na ɗaiɗaikun mutane ne, wani ɗan kasuwa mai mota ɗaya ko biyu, ko direban da ya mallaki tasa bayan ya gama biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan.

3.4 Littattafan da Ake Riƙewa a Tasha

Ba wai ba a rubutu a tasha ba ne. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, wadda aka kafa a 1978, tana da littafin layi, inda ɗan kamasho ke rubuta lambar kowace mota da ta shigo domin a san wadda za ta yi lodi gaba. Akwai takardar sunayen fasinjoji da doka ta ce a cika kafin mota ta tashi zuwa wani gari. Akwai kuma takardar kaya da direban babbar mota ke riƙewa. Kowace daga cikin waɗannan tana da mai bibiyarta, saboda akwai wanda zai yi asara idan ba a rubuta ba: wanda aka tsallake a layi zai yi rigima, mai kaya zai ƙirga buhunansa. Awoyin barcin direba ne kawai ba su da mai nema, sai ranar da mota ta bar hanya.

Hasali ma tsarin biyan direba yana tura shi ga karya dokar. Direban ƙaramar bas ko tasi yakan kai wa mai mota balas, wato wani ƙayyadadden kuɗi a kullum ko a mako, abin da ya rage bayan mai da kuɗin tasha shi ne nasa. Idan ya daɗe yana jiran layi, to sai ya rama da gudu ko da ƙarin sawu. Awoyin jiran nan ba tuƙi ba ne a idon doka, amma kuma ba hutu ba ne, domin yana zaune ne a rana yana sauraren a kira lambarsa. Shi kuwa direban da ya ɗauki shanu ko albasa zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a gabansa. Ƙa'idar gudun tirela a babbar hanya kilomita 50 ce a awa, ke nan yana buƙatar kimanin awa 20 na tuƙi zalla, wanda a doka kwana biyu ne cur, ban da tsayawa a shingaye da ramukan hanya. Fatake ba su son haka, domin saniyar da ta kwanta a cikin mota sauran kan tattake ta. Don haka sai a nemi mafita a wajen goro da shayi mai kauri, wasu ma har da ƙwayoyi, ko kuma direba ya miƙa wa yaron mota sitiyari ya ɗan runtsa, alhali yaron ba shi da lasin.

Wani abin lura shi ne, manyan motocin DAF da MAN da ake sayowa na hannu daga Turai sukan iso da takogiraf ɗinsu a manne a gaban direba, tun da a can doka ce. A nan babu mai sa mata faifai ko kati, babu kuma mai tambaya, sai ta zama agogo kawai.

3.5 Na'urar Ƙayyade Gudu

Na'urar lantarki ta farko da hukuma ta tilasta wa motocin haya a Nijeriya ita ce ta ƙayyade gudu. Aikinta shi ne rage man da ke shiga inji da zarar mota ta kai iyakar da aka sa mata, ta yadda ko direba ya ƙara taka totur ba za ta wuce ba. An yi ta ɗaga ranar fara aiki da ita tun daga 2015, sannan a zamanin shugabancin Boboye Oyeyemi aka fara da gargaɗi ranar 1 ga Oktoba, 2016, aka shiga kamu sosai ranar 1 ga Fabrairu, 2017. Direbobi sun koka da tsadarta a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya karye, da kuma yadda take rage wa tsohuwar mota ƙarfi wajen wuce wata motar. Ba a jima ba kuma aka gane cewa mai gyaran waya na iya cire ta a bar takardar shaidar a aljihun mota.

Ko da an bi wannan doka sau da ƙafa, ba ta taɓa batun awoyi ba. Ana ma iya cewa ta ƙara shi, domin tafiyar da aka rage wa gudu tsawo take ƙarawa, balas kuwa bai ragu ba. Su ma na'urorin bin sawu da manyan kamfanonin dakon siminti da man fetur ke sa wa motocinsu, duk da suna iya nuna tsawon lokacin da mota ta yi tana tafiya, bayanin yana zuwa ofishin kamfani ne, kuma abin da aka fi dubawa shi ne kaya da man da aka sha.

3.6 Matsalar Tsaro

Daga baya wani sabon dalili ya shigo wanda masu tsara dokar ba su yi tunaninsa ba, wato 'yan bindiga. A shekarar 2021 kaɗai an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin ƙaramar hukumar Talatar Mafara a watan Fabrairu, aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, aka kuma kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Direban da ke bin irin waɗannan hanyoyi yana da hujjar da jami'i ba zai iya musawa ba, domin idan awoyinsa sun cika a tsakiyar daji ba zai tsaya ba, kuma idan an tare hanya motar da aka ɗaure wa gudu ita ce ta baya. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a jihar na tsawon makonni, abin da ya nuna cewa duk na'urar da ta dogara da layin waya wajen aika bayani tana iya makancewa a wannan yanki.

A watan Afrilu na 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta hana motoci wucewa ta iyakar Bimasa da Sakkwato da ta Yankara da Katsina daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Dalilin tsaro ne ya sa aka yi haka, amma a aikace sai ya zama direban da ya iso shingen bayan magariba dole ya kashe mota har wayewar gari, wato awa 11, fiye da hutun awa takwas da ƙa'idojin 2012 suka tanada. Shi kuwa wanda ya taso daga Mafara da la'asar sakaliya, sai ya ƙara wuta domin ya riga a rufe.